Salla Tara Tsakanin Katsina da Abuja

Shekarun baya, lokacin da gemuna yake rabi fari rabi baƙi kamar bai gama shawara ba, wata ƙarya da na shuka tun ina saurayi ta girma ta tare mini hanya. Yau zan ba ku labarinta, tunda wadda na yi wa ƙaryar ta riga mu gidan gaskiya, kuma ta yafe mini tun tana raye. Ku yi haƙuri da rubutun. Aji uku na yi a firamare, shi ma na ukun rabinsa a kan bishiyar mangwaron bayan makaranta na yi shi.

Mahaifiyata ba ruwanta da awa, ba ruwanta da kilomita. Da salla take auna tafiya. In ka ce mata za ka wani gari, tambayarta ɗaya ce: salla nawa ake yi a hanya? Daga ƙauyenmu zuwa birnin Katsina babu salla, ka je ka dawo kafin azahar. Gidan ƙanwarta da ke aure can bayan Gusau salla biyu ne, saboda motocin kasuwa da tsaye-tsayensu, kuma nan ne iyakar inda ƙafarta ta taɓa takawa.

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana. "Kai wannan" shi ne sunana a bakinta tun ina rarrafe. Ba ta zama kusa da ni, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta taɓa ni. In ta damu da ni, sai dai ta turo ƙanwata ta tambaye ni ko na ci abinci.

Na zo Abuja ina ɗan samari, na sauka a Karmo, na kama tura kurar ruwa. Mu shida muke kwana a ɗaki ɗaya na langa-langa, in mutum ɗaya zai juya sai ya nemi izinin saura. Da na bar gida na cika baki cewa da babbar salla zan dawo da atamfa da buhun shinkafa. Da sallar ta matso na duba kaina, riga biyu gare ni da silifas ɗaya da na ɗinke da waya. Ban je ba. Sallar gaba ma ban je ba. Sai a shekara ta uku na leƙa, hannu na dukan cinya.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta bari sai da na gama cin tuwo, tana can ta juya mini baya tana gyara wutar murhu, sannan ta ce, "Kai wannan, garin nan naku salla nawa ne?"

Gaskiyar magana, in ka bar tasha bayan asuba, azahar kawai za ka yi a hanya, wajen Zariya ko Kaduna. In mota ta yi gardama ka haɗa da la'asar. Biyu ke nan in an matsa. Amma ni tun ina yaro bakina yakan riga hankalina fita.

Na ce, "Biyar, Inna."

Ta ci gaba da tura itace. Can ta ce, "Yini da kwana ke nan."

"Ƙwarai kuwa."

"To Allah ya tsare. Ashe ba garin da ake zirga-zirga ba ne."

Na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina. Ƙarya ta yi aiki. Ita kuwa ƙarya irin tawa ba ta zama yadda aka ajiye ta. Zuwan da na yi bayan wannan, na ce gada ta karye, yanzu zagaye ake yi, salla bakwai. Na gaba na kai ta tara. Na sa duwatsu, na sa wani kogi da ake jiran kwale-kwale a bakinsa. Har wani daji na ƙirƙiro, inda birai ke fitowa su zauna a tsakiyar titi, ba sa tashi sai fasinjoji sun ba su gyaɗa. Allah ya yafe mini, wannan na birai ni kaina ya burge ni.

Daga baya Allah ya buɗa. Na bar kurar ruwa na koma dako, daga dako na samu rumfa a kasuwar Karu ina sayar da wake da gero, rumfa ta zama shago. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na sayi takalmi mai igiya. Abin da ya hana ni zuwa gida tun farko ya kau, amma zuwan bai ƙaru ba. Da kunya ce take hana ni, daga baya sabo ne. Kasuwa yau, kasuwa gobe. Ina aike, ban taɓa fasawa ba, amma ƙafata sai shekara ta zagayo, wani lokacin biyu. Da waya ta shigo ƙauye nakan kira ta, ta ce, "Kai wannan, kada ka wahalar da kanka, hanya da nisa." Ni kuma in ce haka ne, Inna, in ajiye waya in ci gaba da auna wake.

Ana nan wata rana ƙanwata ta kira ni. Ta ce, "Yaya, idon Inna fa ya tafi." Yanar ido ce ta rufe duka biyun. Ta ce jiya ta tarar da ita tana gaisawa da turmi, ta ɗauka maƙwabciya ce ta zauna. Wannan ya so ya ba ni dariya. Amma da ta ce Inna ta sa an ɗaura mata igiya daga ƙofar ɗakinta zuwa banɗaki don kada ta riƙa kiran mutane, kuma kowace salla sai an kama kafaɗarta an juya ta gabas, sai dariyar ta gudu.

Akwai wani likitan ido da ke sayen wake a shagona. Na kwashe duka na gaya masa. Ya ce, "Oga, ka kawo Mama. Aikin ba shi da yawa in an yi da wuri. Amma in aka bar yanar ta daɗe tana iya ɓata idon, a zo a cire ma ba a gani ba." Ya ce bayan aikin sai an yi makonni ana ɗiga mata magani a kan lokaci. To ni 'yata ta fari nas ce a asibiti, tana gida tare da mu. Magana ta ƙare, Abuja za a kawo ta.

Na kira. "Inna, ki zo a wanke miki ido."

"A ina?"

"Nan Abuja."

"Salla tara? Da wannan bayan nawa? Ka bar ni, kai wannan. Na ga duniya iya gani."

Ƙanwata ta roƙa. Limamin garinmu ya je har ƙofar ɗakinta ya yi nasiha. Wata uku ana abu ɗaya, amsarta ba ta canja ba: salla tara, ga kogi, ga birai. Ni kuma na kasa buɗe baki in ce babu kogi, babu biri ko ɗaya. Mutum mai furfura ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce shekara ashirin da wani abu ƙarya nake miki? Kullum in ɗauki waya da niyya, in ajiye da gaisuwa.

Wata ranar Asabar 'yata tana kusa na sa wayar a sifika. Da na kashe ta dube ni ta ce, "Baba, waɗanne birai?"

Babu wajen gudu. Na gaya mata tun daga biyar har tara. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Sai kuma ta tsaya cak, ta share ido ta ce, "Baba, ka san ƙaryarka ce za ta makantar da Kaka?"

Ban ci abincin rana ba ranar.

Ita ce ta kawo shawarar jirgin sama. Ta ce daga Katsina zuwa nan awa ɗaya ne, wani lokacin ma bai cika ba. Na ce ke ma kin fara irin tawa. Ta nuna mini a waya, ta yanki tikiti biyu a cikin wayar nan ina kallo. Ni dai a lokacin iyakacin sanina da jirgi shi ne in ɗaga kai in ya wuce, in ce Allah ya sauke su lafiya. Na hau mota na tafi gida, azahar kawai na yi a hanya.

Na same ta a bakin ɗaki kan tabarma, igiyar nan tana ɗaure a jikin ƙyaure daidai kanta. Idanun sun yi fari kamar an ɗiga nono. Na durƙusa daga nesa kamar yadda na saba, na gaishe ta, na ce, "Inna, jirgin sama za mu hau. Babu salla ko ɗaya a hanya."

"Daga tara zuwa babu."

"Haka jirgi yake."

Ta juyo da fuskarta wajen muryata. "Kai wannan, wacce ce ƙaryar? Ta da ko ta yanzu?"

Ga ƙofa an buɗe mini, in shiga in huta. Sai na bi ta taga. Na ce, "Duka gaskiya ne, Inna. Ta ƙasa tara, ta sama babu. Shi jirgi ba ya bin kwana-kwana, ba ya jiran kwale-kwale."

"Biran fa?"

"Ba su da fiffike."

Ƙanwata ta toshe baki da mayafi ta shige madafa.

Inna ta ce, "Ka taɓa hawa?"

"Ni? Har na gaji da shi."

Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, "Zan je, amma da sharaɗi. Zan yi alwala a Katsina in yi azahar. In aka kira la'asar muna hanya, ko a sama ko a ƙasa, daga inda muka sauka ka juyo da ni ɗakina. Babu mai taɓa mini ido. Ka yarda?"

Na tuna 'yata ta ce ƙarfe biyu jirgin zai tashi. Na ƙirga da yatsu a ɓoye, na ce na yarda.

Ranar tafiya ta fito da guzurin salla tara cif. Dambun nama a kwano, ƙuli-ƙuli, fura a jarka, buta cike da ruwa, da wani ƙulli a bakin zane da ban san mene ne ba. Na ce Inna, duk wannan na mene ne? Ta ce mai tafiya ba ya yarda da bakin direba.

A filin jirgin Katsina ta yi alwalarta a tsanake, ta yi azahar. Muka zo wajen da ake bincike. Wani jami'i mai ladabi ya ɗaga butar ya ce, "Hajiya, ruwa ba ya wucewa nan."

"Ban je Makka ba tukuna, ɗana, amma Allah ya amsa bakinka."

Aka zubar da ruwan, fura kuma muka bar wa wata mai shara. Ya taɓa ƙullin ya ce wannan fa?

"Gyaɗa ce. Ta biran hanya."

"Waɗanne birai, Mama?"

"Tambayi wannan. Shi ya san su."

Jami'in ya dube ni, ni kuma na dubi silin kamar ina duba ko yana yoyo.

Muka zauna jira. Ƙarfe biyu ta yi babu jirgi. Biyu da kwata babu. Wata murya ta yi magana da Turanci a lasifika, na tsinci kalma ɗaya da nake ji a bakin masu kawo mini kaya in sun makara, na san ba alheri ba ne. Na tashi na leƙa taga, na dawo, na sake tashi. Gumi ya jiƙa mini hula. Tunda nake ban taɓa jin tsoron ladan ba sai ranar. Ita kuwa tana zaune da carbinta hankali kwance, har da ɗan murmushi.

"Kai wannan, rana ta fara yin sanyi ko?"

"Ina, Inna. Tana tsakiyar ka."

"Jikina bai ce haka ba."

Uku saura kaɗan muka shiga. Na zaunar da ita wajen taga, ni a gefenta, kafaɗa da kafaɗa. Tun da aka yaye ni ban zauna kusa da ita haka ba. Na kama bel ɗin kujera ina ta kokawa da shi, na ɗaure shi ƙulli biyu kamar tazuge. Ma'aikaciyar jirgin ta zo ta kwance ta maƙala, ta ce, "Baba, yau ne karon farko?" Na ce a'a, naku ne dai ya bambanta da na sauran jirage. Carbin Inna ya ɗan tsaya.

Da abin nan ya fara gudu, sannan ya ɗaga hanci, na ji hanjina ya sauka ya koma Katsina ya bar ni. Na fara addu'a. Na karanta duk abin da na haddace, da ya ƙare na shiga addu'ar cin abinci, na wuce ta shiga banɗaki, na ce duk wadda ta dace Allah ya karɓa. Jirgin ya ɗan girgiza, na damƙe hannun kujera har farcena ya yi fari.

Sai na ji wani hannu yana lalube a kan hannuna. Busasshe, mai kaushin taɓarya. Ya sami yatsuna ya riƙe. Na waiga, fuskarta tana wajen tagar da ba ta ganin komai a cikinta, kamar hannun ba nata ba ne.

A hankali ta ce, "Wanda ya gaji da jirgi."

Na ƙara damƙe kujerar da ɗayan hannun.

"Rufe idonka. Ni wata nawa nake tafiya a haka, ban faɗi ba."

Na rufe. Ba ta saki hannun ba. Ga ni da furfura a gemu, amma na zauna kamar yaron da aka kai allura. Aka kawo ɗan biskit da ruwa, ban karɓa ba, don hannun da zan miƙa yana da aiki, ɗayan kuma ba na so a sake shi.

Ban san tsawon lokacin ba. Na dai ji kunnena ya toshe, sai ƙafafun jirgi suka daki ƙasa. Mutane suka fara miƙewa suna jawo jakunkuna.

"Zariya ce? An tsaya salla?"

"Abuja ce, Inna."

"Kai wannan."

"Wallahi Abuja ce." Rabon da in rantse mata a kan gaskiya har na manta.

Ba ta motsa ba sai da kowa ya fita. Na kama ta muka sauko a hankali, ni ina satar kallon agogo, ita tana taka ƙasa kamar ba ta yarda da ita ba. 'Yata tana bakin ƙofa tana jira. Ta rungume ta tana cewa Kaka sannu da hanya. Inna ta shafa fuskarta da hannu biyu, ta shafa hanci, ta ce, "Ƙawata ce. Hancin gidanmu ne. To in dai ba ke ma aka kawo Zariya ba, mun iso."

Muna takawa wajen masallacin filin jirgin, sai ladan ya ɗaga murya. La'asar. Inna ta tsaya cak a tsakiyar hanya, masu jan akwati suna kauce mata. Ta saurara har ya kai ƙarshe. Sannan ta ce, kamar da kanta take magana, "Alwalata tana nan."

Da alwalar Katsina ta yi la'asar a Abuja. Ni kuwa sai da na sake tawa, kada ku tambaye ni dalili.

Daga nan muka kama hanyar Karu, muka faɗa goslon yamma na masu tashi daga aiki. Wanda ya san gangaren Kugbo da yamma ya san abin da nake faɗa. Mota ta matsa taku uku ta tsaya, masu tallan ruwa da ayaba suna wuce mu da ƙafa. Magariba ta same mu a nan, muka raɓa wani gidan mai muka yi salla. Da muka koma mota Inna ta gyara zama ta ce, "To ga salla ɗaya. Ashe Abuja ta fi nisa da Abuja." Direban tasi, wani Bayerabe mai jin Hausa, ya yi dariya har ya buga sitiyari, ya ce, "Mama ya faɗi gaskiya."

Bayan kwana huɗu aka yi ido na farko. Washegari da safe likita ya cire bandeji. Ina tsaye a ƙarshen gado, hula a hannu. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta dubi fanka, ta dubi hannunta. Sannan idon ya sauka a kaina. Ya daɗe a kaina fiye da yadda ya taɓa daɗewa tun da aka haife ni. Sai ta kau da kai ta dubi 'yata.

"Ƙawata, wane ne wancan tsohon?"

"Baba ne, Kaka."

"Yaushe ya yi fari haka?"

Na ce zan je in duba ko an kawo magani. Babu wani magani. Bayan asibitin na zagaya na tsaya wajen tankin ruwa na ɗan lokaci.

Da aka yi ido na biyu ya warke, wata rana da hantsi na dawo daga kasuwa ɗaukar mabuɗin sito, na same ta a tsakar gida ita kaɗai. Ta sa an ba ta faifai da wake tana tsince tsakuwa, tana gwada sabon ido. Na ce yau ko ba yau ba. Na durƙusa.

"Inna, maganar salla tara ɗin nan."

Ba ta ɗago ba. "Biyu ce. Ɗaya in direba na da hankali."

Na zauna daɓas a ƙasa.

"Yaran garinmu nawa ne a Abujan nan? Masu shayi, masu wankin takalmi, masu gadi. Kowa ya tafi da asuba, kafin magariba uwarsa ta ji ya sauka. Kai kaɗai ne hanyarka take da birai."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun biyar."

"Me ya sa ba ki ce komai ba?"

Ta jefar da wata tsakuwa. "Na ga silifas ɗinka a bakin ƙofa ranar. An ɗinke shi da waya. Wanda ya dawo gida da wannan takalmin, in na ƙwace masa ƙaryarsa, me na bar masa ya rufa da shi?" Ta ɗan karkaɗa faifan. "Da ka sayi takalmi mai igiya, nan ne na sa ran za ka rage mini ko salla biyu. Sai ka ƙara."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗauki muciya ta kwaɗa mini da ya fi sauƙi. Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun kafin in nema, in tashi daga ƙasa kada surukarta ta fito ta gan ni haka.

Na tashi, amma akwai abin da ya tsaya mini. "To Inna, tunda kin san biyu ce, me ya sa kika ƙi zuwa wata uku?"

Karon farko ta yi 'yar dariya mai sauti. "Wuƙa a ido, kai wannan. Tsoro nake ji. Kai ka ɓuya a bayan nisan nan shekara ashirin da ɗoriya ban ce uffan ba. Ni na ara wata uku kawai, ka tara mini liman."

"Sharaɗin la'asar fa?"

"Na ɗauka shi ma jirgin irin na birai ne. Na ce a raina, bari in bi shi, la'asar ta kama mu, ya mayar da ni ɗakina da bakinsa. Rana ɗaya tak na dogara da ƙaryarka, ranar ka zaɓa ka faɗi gaskiya."

Shekara shida ta ƙara a duniya tana ganin gabas da idonta. Da ta koma gida da hannunta ta kwance igiyar nan, ta mayar da ita ta shanya. Ni kuma na koyi hanya. Wata biyu ba sa cika ban je ba, yawanci a mota, jefi-jefi a jirgi in 'yata ta matsa, kuma har yau ban daina karanta addu'ar cin abinci in ya ɗaga hanci ba. Duk zuwan da na yi sai ta tambaya, tana juya baya tana wani aiki, "Salla nawa?" In ce ɗaya, Inna, ko in ce biyu, taya ta fashe. In zan tafi kuma sai ƙanwata ta biyo ni zaure da ƙullin gyaɗa, ta ce in ji Inna, ka san na su wane ne.

Ranar da ta rasu, bayan asuba ƙanwata ta kira. Ku kun san ba a jiran na nesa. Da mota ce, sai dai in tarar da ƙasa a kanta. 'Yata ta samo mini kujera a jirgin safe, na roƙi liman ya ba ni zuwa azahar. Na yi alwala a masallacin nan na filin jirgi, inda ta yi la'asar ɗinta ta farko a Abuja. Da jirgin ya ɗaga babu wanda ya lalubo hannuna, sai na rufe ido kamar yadda ta koya mini. Na isa ana fito da ita. Da alwalar Abuja na tsaya a sahun gaba na sallace ta.

Na sha tunanin abin nan ina zaune a shago in kasuwa ta yi sanyi. Tsakanina da ita ranar babu salla ko ɗaya. Dama can ba ta taɓa wuce biyu ba. Sauran bakwai ɗin ni na gina su da bakina, na zauna a bayansu har gemuna ya yi fari ba ta gani ba. Ban zo in yi wa kowa wa'azi ba, mai aji uku ba ya wa'azi. Amma na san a cikin masu karanta wannan akwai wanda yake da nasa kogin da nasa biran, kuma ina mai tabbatar masa tsohuwar ta sani. Shiru kawai ta yi masa.

Yanzu 'yata aikinta yana kai ta garuruwa. In ta zo sallama sai in ji bakina ya riga ni, "Salla nawa?" Takan ce, "Babu, Baba, jirgi ne." Nakan ce to Allah ya tsare. Amma kafin ta kai ƙofa sai na cusa mata ƙullin gyaɗa a jaka.